Zungurun Kaura Mayau

A zamanin da ba a san salla ba a ƙasar nan, akwai wani birni a gindin dutse, ana ce da shi Tsagau. Mutanensa arna ne, manoman gero. Abin bautarsu mata biyu ne, ya da ƙanwa. Babbar ita ce Uwar Gona, mai ba ƙasa tsiro, mai ba mace ciki. Ƙaramar ita ce Taƙorama, wadda ba ta da aiki sai sa namiji ya rasa hankalinsa a kan mace. Su biyun suna zaune cikin wata baƙar tukunya a ɗakin tsafi. Mai kula da su ita ce Magajiya.

Kowace shekara, in bazara ta tsananta, ranar da shamuwar farko ta sauka a gari, sai a buga gangar biki. Kwana bakwai ake yi, dokarsa biyu. Ta farko, namiji ba ya taɓa ƙarfe. Takobi, mashi, kibiya, fartanya, har aska, duk mata ke bi gida gida su kwashe, su kai rumbun Uwar Gona su liƙe bakinsa da laka. Ta biyu, a rana ta bakwai, duk mai neman aure sai ya zauna a dandali, a cusa masa hannun hagu cikin zunguru, wato dogon duman nan da ake cikawa da lalle. Sai mata su fito da muciya. Wadda ta fasa zungurun namiji ta zaɓe shi ke nan, ba ya da ta cewa. Wanda ya fasa nasa da kansa, ko ya ƙi wadda ta fasa masa, Taƙorama za ta ɗauke masa abin da ya sa ake kiransa namiji. Haka suka yarda. Ba wanda ya taɓa gwadawa ya gani.

Shugaban yaƙin Tsagau shi ne Kaura Mayau. Ya haura sittin. Dogo ne, busasshe, ba ya dariya, ba ya gaisuwa sau biyu. Bai taɓa aure ba. Yana ƙin bikin nan kamar ciwon haƙori, don kowace shekara sai wata tsohuwa ta shigo masa zaure ta ɗauki takobinsa ta saɓa a kafaɗa kamar itacen girki.

A shekarar da muke magana, shamuwa ta tsallake tsamiyar fada, ta tsallake ɗakin tsafi, ta zo ta sauka a kan ɗakin Kaura. Gari ya ɗauka. Mata suka taru a ƙofar gidansa suna guɗa, suna cewa Taƙorama ta nuna ango. Kaura ya fito ya jefi tsuntsuwar da hoge. Ta matsa gefe, ta gyara tsayuwa. Ya ƙara jifa. Ta kawo kara ta fara sheƙa.

A rana ta shida, da hantsi, manzon Sarkin Ruwa, mai tsaron gulbin Tsagau, ya iso fada ƙafafunsa duk taɓo. Sarki Tunau yana zaune da fadawansa, suna shan burkutun biki. Manzo ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Zaki, Sarkin Ruwa yana gaisuwa. Ya ce a gaya maka Bagudu Sarkin Zangarma ya ƙetare gulbi da mutum ɗari uku. Gobe da hantsi yana ƙofar gari."

Sarki ya ajiye ƙoƙo. Mutum ne mai ƙiba, mai son zaman lafiya da naman rago. Ya ce, "Me yake nema kuma? Sau uku ya zo, sau uku Kaura ya mayar da shi."

"Tukunya yake so, ranka ya daɗe. Shekara uku geronsu ba ya yi. Shi kuma har yau bai ga ɗa ba. Bokansa ya ce masa sai ya ɗauko Uwar Gona ya kai ta Zangarma. Ɗan leƙen asirinsa ya kwana biyu a nan, ya ga an liƙe rumbu, ya koma ya ce masa maza a Tsagau ko allura ba su da ita."

Sai Galadima Nomau ya gyara rawani, ya ce, "Toron giwa, ni dai shawarata mu hau dutse. Dutse bai taɓa cin amanar kowa ba. Mu ɗauki tukunya da abinci, in ya gaji ya tafi."

Sarkin Noma ya ce, "Tukunya ba ta barin ɗakinta cikin biki, Galadima. In ta fita, ruwa ya fita."

"To mu bar ta mu hau."

"In ya ɗauke ta fa?"

"To ban sani ba," in ji Galadima. Ya koma kan ƙoƙonsa.

Kaura ya miƙe. Ya ce, "Zaki, ni ban iya doguwar magana ba. A fasa rumbu. A ba ni takobina da mutum ɗari. Kafin rana tsaka gobe in kawo maka hular Bagudu."

Sarkin Noma ya dafe kai. "Ƙarfe, cikin kwana bakwai? Kakanninmu sun yi haka sau ɗaya, shekara biyu ƙasa ba ta ga ɗigo ba. In ka kori Bagudu, wa zai kori yunwa?"

"Yunwa sai baɗi. Bagudu gobe ne."

Suna cikin haka aka ji ƙarar munduwa a zaure. Magajiya Marka ta shigo ba sallama, don cikin biki ba ta yi wa kowa. Mace ce gajeriya, kakkaura, furfura ta cinye kanta amma haƙoranta duk suna nan. Fadawa suka sunkuyar da kai. Kaura ya dubi azara. Shekara arba'in ke nan, in ta shigo wuri, azara yake dubawa.

Dalili kuwa kowa ya san shi. Lokacin tana budurwa, shi yana saurayi, sun daidaita. Ranar zunguru ta fito da sabuwar muciya ta tsaya a dandali tana jiransa. Shi kuma ya ce hannun da ke riƙe takobi ba ya shiga duma. Ta tsaya har rana ta faɗi. Da shekara ta zagayo ta shiga hidimar ɗakin tsafi, daga nan aka ji cewa Magajiya ba ta aure.

Ta ce, "Sarki, ba a fasa rumbu. Ba a hawa dutse. Gobe a buɗe ƙofar gari tun da safe, a share dandali, a kwaɓa lalle duk wanda ke garin nan."

Galadima ya ce, "Uwar gari, yaƙi fa aka ce, ba biki ba."

"Na ji, Galadima. Mutanen Zangarma su ma 'ya'yan Uwar Gona ne, suna tsoronta kamar yadda kuke tsoronta. Dokar ƙarfe suka sani. Ɗan leƙen asirinsu bai tsaya ya ga rana ta bakwai ba." Ta juya. "Abu ɗaya nake bukata, a wurin Kaura yake."

Kaura ya ce wa azara, "In raina ne, a ɗauka."

"Me zan yi da ranka, tsoho? Sunanka nake so. Gobe zan faɗi wata magana a kanka a gaban Bagudu. Duk abin da na faɗa, ka ce haka ne."

"Wace magana?"

"Gobe ka ji."

"Ba na amsa abin da ban ji ba."

Sarki ya ce, "Kaura, bangon Tsagau, garin nan a hannunka yake tun ina goye. Ka amsa mata."

Kaura ya tuna takobinsa a cikin rumbu, ya tuna shekara biyu ba ruwa. Ya ce, "Na amsa. Don gari." Ya fita. Ko da ya isa gida, shamuwa ta samo miji, sun zama biyu.

Washegari da hantsi ƙura ta tashi daga wajen gulbi. Bagudu ya iso a kan baƙin doki, da gashin jimina biyu a hularsa. Tun suna samari, ya taɓa ganin Kaura da gashin jimina ɗaya a fagen yaƙi, shi ya sa. Da ya ji Kaura na rataye laya biyar, ya rataya goma. Da ya ji Kaura ya kwana uku bai ci abinci ba a yaƙin gulbi, ya yi shida, sai da aka ɗauke shi a kan makara. Kaura ya san wannan hali nasa kamar yadda ya san hanyar gidansa.

Bagudu ya zo da shirin fasa ƙofa, sai ya tarar da ita a buɗe. Mata sun jeru dama da hagu suna guɗa. Magajiya tana tsaye a tsakiya, Kaura a bayanta, hannu wofi.

Bagudu ya ja linzami. Ya ce, "Ke ce Magajiya? Ni ne Bagudu ɗan Gwabro, Sarkin Zangarma, mai gulbi da abin da ke cikinsa. Na zo ɗaukar tukunya. In an ba ni, ba zan ƙona gari ba."

"Sannu da zuwa, Sarki. Tukunya tana nan. Uwar Gona ta gaji da mu, tun jiya take tambayarka. Shiga ka ɗauka."

Bagudu ya dubi mutanensa, ya dube ta. Bai saba da a ba shi abu ba. Ya zunguri doki zai shiga.

Magajiya ta ce, "Sai dai ina jin tausayin yaranka. Samari ne."

"Me zai same su?"

"Abin da ya sami na ƙarshen da ya ratsa ƙofar nan da ƙarfe cikin biki, ya je ya taɓa tukunya da farin hannu, ba lalle. Shekara arba'in ke nan. Taƙorama ta ɗauke masa komai. Tun daga ranar, in ya ga mace, kamar ya ga turmi."

"Tatsuniya. Ina mutumin?"

Magajiya ta matsa gefe, ta nuna Kaura da muciyarta.

Kaura ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Mutum ɗari uku na Zangarma suna kallonsa. Matan Tsagau duka suna kallonsa. A kan ganuwa, Sarki da Galadima da sauran maza sun leƙo. Wannan ne mutumin da ya kori Bagudu sau uku. Ga shi a tsaye, an tuɓe shi da magana ɗaya.

Bagudu ya buɗe baki. "Mayau? Kai?"

Kaura ya dubi Magajiya, karo na farko cikin shekara arba'in. Ita kuwa ko gezau.

Bagudu ya ce, "Ka yi magana mana. Na san ka, ba ka ƙarya. Na sha tambayar kaina me ya hana ka aure. Haka ne?"

Kaura ya tuna ya amsa a gaban Sarki. Ya ce, "Haka ne."

"Ko kaɗan?"

"Na ce haka ne! Sau nawa kake so in faɗa?"

Wata tsohuwa cikin mata ta ce, "Wayyo, ashe shi ya sa." Wata ta ce, "Ni dama na faɗa." Kaura ya gane muryarta. Ya ƙudurta zai tuna.

A bayan Bagudu aka ji ƙwal. Wani saurayi ya saki takobinsa a ƙasa. Sai wani. Kafin Sarkinsu ya juya, takubba da masu suna zuba kamar ana sauke itace. Wani har zoben hannunsa ya cire ya jefar. Bagudu ya daka musu tsawa, ba wanda ya sunkuya. Mutanen nan ba su tsoron mutuwa, sun nuna haka sau uku a bakin gulbi. Wannan ne dai ba su zo da shirinsa ba.

Bagudu da kansa ya yi tunani. Shi da ya zo neman ɗa. Ya sauko daga doki, ya kwance takobinsa a hankali ya ɗora kan tarin.

Ya ce, "To mene ne ka'ida?"

Magajiya ta ce, "Ƙarfe a waje, dawakai ma, tun da linzami ƙarfe ne. Ku shiga dandali, kowa a sa masa lalle a zunguru. In rana ta karkata lalle ya kama, mai jan hannu ya ɗauki tukunya lafiya. Amma kul, wanda ya fasa zungurunsa da kansa, ga abin da zai zama." Ta sake nuna Kaura. Kaura ya ga wannan nunin na biyu bai zama dole ba.

Suka shiga. A dandali an shimfiɗa tabarmi, ga zunguru jibge kamar an girbe gonar duma. Bagudu ya ɗauki ɗaya ya leƙa ciki, ya sansana. Ya ce, "Ban yarda ba. Wa ya sani ko kunama kuka zuba? Kaura ya fara sawa."

Kaura ya ce, "Hannuna bai taɓa shiga duma ba."

"To nawa ma ba zai shiga ba. Yara, mu koma mu ɗauki ƙarfenmu, in ya so mu zauna a waje har biki ya ƙare."

Nan Kaura ya yi lissafi irin na mayaƙi. In suka fita, gobe biki ya ƙare, tsoro ya ƙare, su ɗari uku da makamai a bakin ƙofa, rumbu kuma sai an yini ana raba kayan da ke ciki. In ya sa hannu, ya shiga dokar muciya. Amma wace mace ce za ta fasa zungurun mutumin da aka faɗi abin da aka faɗa a kansa yanzu? Ko ɗaya. Ƙaryar da ta kashe shi ita ce garkuwarsa. Ya zauna a tabarma, ya miƙa hannun hagu. Wata mata ta cusa shi cikin zunguru har gwiwar hannu, ta ɗaure bakin da tsumma. Lalle ya yi masa sanyi. Bai nuna ba.

Sai ya dubi Bagudu, ya ce, kamar ba da wata manufa ba, "Mu nan hannu ɗaya muke sawa. Shi ma da ƙyar. Biyu ba a taɓa yi ba. Ba mai iya jurewa."

Idon Bagudu ya yi haske. "Ba a taɓa yi ba?"

"Tun kafuwar Tsagau."

"A kawo biyu! Zangarma duka, biyu biyu! A nuna wa mutanen dutse yadda maza ke sa lalle."

Magajiya ta dubi Kaura ta gefen ido. Wannan ba ya cikin shirinta. Ta ɗan gyaɗa kai.

Zunguru ya ƙare, aka koma gora, gora ta ƙare, aka shiga gidaje ana juye nono daga duma. Kafin rana tsaka, mayaƙan Zangarma ɗari uku suna zaune a jere, kowa hannu biyu a ɗaure, sun ɗaga su sama kamar masu roƙon ruwa. In ƙuda ya sauka wa mutum a hanci, sai ya roƙi na kusa da shi ya hura masa. A waje kuwa, tun da maza aka hana taɓa ƙarfe ba mata ba, 'yan mata suna ta jidar takubba da masu zuwa rumbu. Da suka gama aka rufe ƙofar gari.

Rana ta karkata. Aka buga ganga.

Ta kowace hanya mata suka fito, kowacce da muciya. A gaba akwai zawarawa, su ne mafi yawa, don yaƙe-yaƙen Bagudu uku sun bar gidaje da yawa a Tsagau ba maza. Ba su guɗa. Suna tafiya a hankali, suna duban layi kamar masu zaɓen tunkiya a kasuwa.

Bagudu ya ce, "Mayau, waɗannan fa?"

Kaura ya gaya masa doka ta biyu. Bai ƙara ba, bai rage ba. Daɗin da ya ji a ransa lokacin, bai taɓa jin irinsa a fagen yaƙi ba.

Bagudu ya zabura ya miƙe. "Zangarma! Cin amana! Ku kare zungurunku!"

Abin da ya biyo baya shi ake kira yaƙin dandali. Mutum ɗari uku suka watse, hannuwa sama, kowa yana gudu yana lallaɓa dumansa kada ya bugi bango. Ba mai iya naushi, ba mai iya hawa ganuwa, ba mai iya buɗe ƙofa. Wani ya faɗi ya gwammace ya sauka da haɓa. Mata masu daddawa suka tare gabas. Masu fura suka zagaya ta yamma. Amma tsakiya a buɗe take, Kaura ya ga mutanen suna kwarara ta lungun marina. Jininsa ya motsa. Ya hau kan turmi, zunguru a hannu ɗaya, ya daka tsawar da ya saba.

"Masu fura, ku bar yamma, ba mafita can! Ku toshe lungun marina! Ke mai jan zane, ɗebi goma ki tsaya bakin rijiya! Kada ku bi su, ku jira su, za su dawo!"

Mata suka bi umarni, kuma Kaura ya ga sun fi mazansa saurin ganewa. Ko'ina sai ƙarar fas, fas, lalle na fantsama. A kan ganuwa makaɗa suna kiɗa, Sarki Tunau yana dariya har da riƙe ciki. Gaskiya kuma, ba duk mutanen Zangarma ne suka yi gudun kirki ba. Waɗansu sun waiwaya sun ga mai binsu, sai ƙafa ta yi musu nauyi.

Bagudu ya fi kowa daɗewa. Ya tsallake tabarmi, ya ratsa rumfar mahauta, ya ɓuya a bayan rumbu. Can ya tarar da Cima mai daddawa zaune tana jiransa, don ƙafarta ba ta gudu. Mijinta ya mutu a yaƙin gulbi na biyu. Ta miƙe ta ba zungurunsa na hagu muciya ɗaya.

Ta ce, "An ce ɗa ka zo nema."

Bagudu yana haki, lalle na ɗiga daga hannunsa, ya ce, "Ni Sarki ne."

"Na sani. Ina da tara, bakwai maza. Daga yau kai ne ubansu. Ƙaramin ba ya cin tuwo sai da man shanu."

Aka taru a dandali. Sai Galadima, da ya sauko daga ganuwa bayan ya tabbata an gama, ya kawo matsala. Ya ce, "Uwar gari, kowane ɗayansu da sauran zunguru a hannun dama. Doka ba ta san da hannu biyu ba."

Magajiya ta ce, "Na hagu na mace ne. Na dama na Uwar Gona. Ni zan fasa su, kowa ya yi mata noma daga shuka zuwa girbi. Ƙarfensu gobe a kai maƙera, a mayar da shi fartanya. In an girbe, a ba Zangarma iri daga gonar, su kai gida su shuka. Abin da suka zo nema ke nan, ba tukunya ba." Ta bi layi tana fasawa, har ta zo kan Bagudu. Bagudu ya dubi hannuwansa biyu jajaye, ya dubi Kaura, ya ce, "Ko ba komai, nawa biyu ne." Kaura ya ce, "Haka ne."

Iska ta juya, ta zo da ƙanshin ƙasa daga gabas. Hadari ya fara haɗuwa a bayan dutse. Dandali ya soma watsewa, kowace mace tana kora nata gaba. Kaura ya koma tabarmarsa ya zauna. Doka ta ce wanda rana ta faɗi ba a fasa masa ba, sai a kwance masa ya tafi. Ya dubi rana. Saura kaɗan. Ba macen da ta ko dube shi. Lissafinsa ya fita daidai. Ya rasa me ya sa abin bai yi masa daɗi ba.

Sai ya ji ƙarar munduwa.

Magajiya ta tsaya a kansa. Muciyar da ke hannunta ba wadda ta yini da ita ba ce. Wannan tsohuwa ce, itacen ya yi baƙi, amma bakinta bai taɓa shiga tuwo ba.

Kaura ya nemi azara, babu, sai sama. Ya ce, "Kin ɓata mini suna a gaban garuruwa biyu."

"Na ɓata."

"Da kin ce wani abu daban. Da kin ce na makance, ko na haukace."

"Da na ce haka, da yanzu wata bazawara ta yi gaba da kai. Kana tsammani don Bagudu kaɗai na faɗa a gaban matan gari duka?"

Shekara arba'in Kaura yana shirya kwanton ɓauna, bai taɓa ganin wanda aka shirya da kyau kamar wannan ba.

Ya ce, "Magajiya ba ta aure."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani."

"Ni na faɗa. Masu zuwa neman aure sun dame ni, ni kuma ina da wanda nake jira."

Rana ta taɓa bakin dutse. Ɗigon farko ya faɗo a kan tabarma. Kaura ya dubi ƙofar lungu. A buɗe take, ba kowa, kuma har yanzu ƙafafunsa sun fi nata tsawo. Bai tashi ba. Ya ɗaga hannun hagu, ya ɗora zungurun a kan gwiwarsa, ya gyara shi yadda ba za ta kuskure ba.

Ya ce, "Marka, ki buga a hankali. Hannun ya tsufa."

Ba ta buga a hankali ba.